Wasan da Sale Ya Bari Ana Gardama a Kansa

Da damunar nan ƙanena Sale ya cika shekara bakwai da rasuwa. Duk shekara idan ruwa ya kawo, kogi ya tumbatsa a ƙarƙashin gadar Gashua, nakan ji wani nauyi ya sauko mini a ƙirji, domin a irin wannan lokaci ne muka ɗauko shi daga Nguru muka kawo shi gida aka yi masa sutura. Bana ma ruwa ya kawo, na kuma tuna shi kamar yadda na saba, amma nauyin bai zo da ƙarfinsa na da ba. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. A shekarun baya na sha fara rubutu a kansa in ajiye, saboda duk abin da na rubuta sai ya koma ƙorafi. Yanzu ina jin zan iya ba da labarinsa da sanyin rai.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Gashua, kuma ban san komai game da wasannin kwamfuta ba sai abin da zama da Sale ya koya mini. Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne auta. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, masunci ne ɗan Dagona, daga baya ya dawo gari ya kama sana'ar kifi banda. Duk hutun makaranta akan tura Sale Dagona wurin kawunmu, don haka ya iya tuƙa kwale-kwale da sanda tun bai iya hawa keke ba. Da ya girma ya tafi Nguru karatun kwamfuta, a can ya haɗu da shagunan da matasa ke taruwa suna buga abin da suke kira gem. Wasu sukan buga su tashi. Shi kuwa sai ya zauna yana tambayar yadda aka yi abin ya motsa. A ɗaya daga cikin shagunan nan ya haɗu da Kyari, wani Babarbare mai hannun zane, ba mai yawan magana ba. Su biyun suka kama ɗaki a unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Da rana suna gyaran waya da buga wa mutane takardu, in sun samu sarari kuma suna haɗa wasan kansu. Shekaru suka kwashe a kai, yau da wuta gobe babu, har maƙwabta suka daina tambayarsu yaushe za su gama.

Sun sa wa wasan suna Kacala, sunan doguwar ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa tun daga Nguru har zuwa nan. Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, ga yadda yake. Kana kallon komai daga gefe, kamar zane a jikin bango, kana tafiyar da wata tsohuwar masunciya hagu da dama, sama da ƙasa. Ruwa ya daina isa ƙauyensu, ita ce ta fita neman inda ya toshe. Tana tsalle, tana nutso, tana faɗa da kada da dorina da garken jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye wa manomi shinkafa. Hanyoyin wasan a sarƙe suke. Za ka iske wuri a rufe ka wuce, sai bayan doguwar wahala ka samu lauje ko gorar iyo ko fitila, sannan ka tuna da wancan wurin ka koma ka buɗe shi. Babu taswira, babu kibiyar da za ta nuna maka gaba. Idan tsohuwar ta mutu, sai ka koma mashigin ƙarshe da ta ɗaure kwale-kwalenta, mashigan kuwa nesa suke da juna. Kyari ne ya zana komai, Sale ya hura masa rai. Ƙarar ruwa da kukan kwaɗi da tsuntsaye duk da wayarsa ya ɗauko su a Dagona.

Na taɓa tambayarsa me ya hana shi sa taswira, tunda ni da ke kallo ma kaina ya juye. Ya ce, "Ya Hauwa, wa ya taɓa ba Baba taswira? Da ido da kunne ake sanin ruwa."

Da suka ɗora wasan a intanet, an yi 'yan makonni shiru kamar ba a gani ba. Sannan masu sharhi suka waiwayo shi. Sai a lokacin na san ashe sana'a ce guda, akwai mutanen da aikinsu su buga wasa su faɗa wa duniya ko ya yi ko bai yi ba, kamar yadda ake yi wa littafi. Wasu daga Legas suke, wasu daga ƙasashen waje, Sale yana karantawa yana fassara mana. Kusan bakinsu ɗaya ne. Sun yaba zanen, sun yaba sautin, sun ce ba su taɓa ganin irin wannan ƙasa a wasa ba. Daga nan sai su juyo. Wasan ya cika wuya, nisan da ke tsakanin mashigai azaba ne, mutum kan ɓata ya rasa wanda zai tambaya, kuma wurin da jan-baki ke rufar wa tsohuwar ba a yi shi don a wuce ba. Da yawansu sun faɗa a fili cewa ba su kai ƙarshe ba, sun ajiye.

Duk wannan da Turanci aka yi shi, don haka bai shigo mana gida ba. Wanda ya shigo shi ne na wani matashi daga Kano mai suna Auwalu, wanda ke yin sharhinsa da Hausa a bidiyo, matasa da yawa suna binsa. Ya buga wasan a gaban jama'a, ana ganin yadda yake mutuwa yana sakewa har ransa ya ɓaci. Ƙarshen maganarsa ita ce wanda ya yi wannan abu ba ya son mutanen da za su buga shi, kuma abin takaici ne a ce wasan da ya fito daga ƙasarmu shi ne zai riƙa korar jama'a daga bakin ƙofa. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, a gidan suna ta ji shi, a wayar wata maƙwabciya da ta ɗauka abin alfahari take nuna mata. Iya ba ta san mene ne gem ba. Abin da ta fahimta kawai shi ne wani mutumin Kano ya tsaya ya gaya wa duniya cewa ɗanta mugu ne. Ta dawo gida ba ta ci abincin sunan ba.

A daidai wannan lokaci ne ƙafafun Sale suka fara kumbura, sannan fuskarsa. Mutumin Gashua ba ya buƙatar a fassara masa wannan, domin gida kaɗan ne ciwon ƙoda bai leƙa ba a garin nan. Aka fara yi masa wankin ƙoda a Nguru. Ya ci gaba da zama a ɗakinsu, Kyari ke kai shi yana dawo da shi, ni kuma ina hawa mota in je duk ƙarshen mako. Sau da yawa nakan iske shi kwance, hannu ɗaya a jone da na'ura, ɗayan riƙe da waya, yana bin abin da ake faɗa a kan wasansa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana na kasa haƙuri na karɓe wayar.

Na ce, "Sale, ka bar karanta zagin nan haka. Jininka zai hau."

Ya ce, "Ba zagi ba ne, Yaya. Aikina suke duba mini."

"Har da wanda ya ce ba ka son mutane?"

Ya kalli silin, sannan ya ce, "Shi ya fi su duka yin nisa kafin ya fusata. Na ga inda ya tsaya."

Na ɗauki wannan a matsayin dauriya irin tasa, domin tun yana yaro ba ya yarda a ga ciwonsa. Bayan 'yan watanni Allah ya karɓi abinsa. Babu likitan da ya ce mana maganar mutane ce ta ƙara masa ciwo, ni ma na san ajali ne. Amma zuciya takan haɗa abubuwan da suka zo tare. Hoton da ya zauna mini shi ne na ƙanena a gadon asibiti, yana karanta cewa aikin da ya ba ƙuruciyarsa bai yi ba, ya kuma tafi da wannan a ransa. Wasan kansa ya nutse, aka daina maganarsa. A wurin ta'aziyya an yabi ladabinsa da riƙon sallarsa, babu wanda ya ambaci Kacala, kamar wani abin kunya ne da ake rufa wa mamaci asiri a kai.

Kyari ma ya ɗauke ƙafa. Yakan aiko da gaisuwa da sallah, shi ke nan. Sai bayan kusan shekara biyu ya yi sallama wata ranar Asabar da hantsi, da kwamfutar Sale a jaka. Ya durƙusa ya gaida Iya da Barbarci, ta amsa masa, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin maina, wato darbejiyar tsakar gida. Ya ce Sale ya bar aiki bai ƙarasa ba, shi ya ƙarasa, amma ba zai sake shi ba sai da izininmu. Ni kuwa na ce in da hali ma a sauke wasan gaba ɗaya daga intanet, a bar bawan Allah ya huta. Kyari ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ya Hauwa, akwai abin da ba ki gani ba, a tsakiyar mako aka yi shi."

Ga abin da ya ba mu labari. Wata rana ana cikin wankin ƙoda, hannun dama ne a jone, Sale ya ce a ɗora masa kwamfutar a cinya yana so ya buga wasansa. Ya fara da hannun hagu kaɗai. Kadan farko, wanda da idonsa a rufe ma yakan wuce shi, shi ya cinye tsohuwar. Ya sake, aka sake cinye ta. Ya yi ta sakewa. A gadon da ke kusa akwai wani dattijo manomi daga Karasuwa, ya jima yana leƙe, sai ya ce, "Ɗana, an ce kai ka ƙera abin nan, kuma shi ke kayar da kai?" Ɗakin duka aka kwashe da dariya. Kyari ya ce Sale ya yi dariya har sai da ma'aikaciyar jinya ta zo ta tsawata masa kada ya motsa hannun. Da dariyar ta lafa sai ya juyo ya ce, "Kyari, mutumin Kanon nan bai yi daidai ba da ya ce ba na son mutane. Amma maganar ƙofa gaskiyarsa ce. Ga ni nan ni ma a waje."

Daga ranar suka koma aiki. Sale bai yarda a rage wa kada ƙarfi ba, bai yarda a sa taswira ba. Abin da ya sa a gaba shi ne wanda ke da hannu ɗaya ya iya bugawa, wanda yatsunsa ba su da sauri ya iya rage gudun wasan daidai ƙarfinsa, wanda ba ya ji ya ga alamar sautin ruwa da idonsa. Ya kuma yarda a ƙara mashigai a wuraren da nisan ya yi yawa. Wurin jan-baki kaɗai ya ce a bar masa yadda yake, wai manomi ma ba sa yi masa sanarwa kafin su sauka. Yana kwance yana faɗa, Kyari yana dannawa, har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan rasuwar, Kyari ya ce ya yi kusan shekara bai iya buɗe kwamfutar ba. Da ya buɗe kuma, shi mai zane ne, sai da ya zauna ya koyi ɓangaren Sale daga tushe.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji a gindin mainar nan ba. Shekara biyu ina ganin ƙanena a karye, ashe a ranakun da ba na nan dariya yake yi yana aiki, yana shirya wa masu sukarsa amsa. Abin da ya faɗa mini ranar da na karɓe wayarsa ba dauriya ba ce, iyakar gaskiyarsa ke nan. Na yi kuka, amma irin wanda in ka gama sai ka ji yunwa. Iya ta saurari komai ba ta katse shi ba, sannan ta ce, "In shi ya fara, a ƙarasa masa."

Kyari ya saki gyararren wasan. Ba a yi wani ɗoki ba, a hankali abin ya riƙa tasowa. Waɗanda suka ajiye a da suka dawo. Masu bugawa suka fara zana taswirar wuraren da hannunsu suna raba wa juna, wannan ya cike inda wancan ya bari. Kyari ya nuna mini wasu, na ga sunayen da mahaifinmu ke kiran hanyoyin ruwa da su an rubuta su da hannun mutanen da ba su san inda Yobe take ba. Masu sharhi suka sake waiwayowa, kuma wannan karon yabo ya rinjayi suka. Wasu ma suka ce rashin taswirar nan da aka yi ta kuka da shi, shi ne ran wasan.

Sai wani sabon tsoro ya kama ni. Kusan duk sharhin da aka fassara mini da labarin ciwon Sale yake farawa, matashi ne, ya rasu, ga gadon asibiti, ga hannu ɗaya. Ni malama ce, na san makin da ake ba ɗaliba saboda ta iya, na kuma san wanda ake ba ta saboda an ji an yi mata rasuwa. Na fara zargin ko duk yabon nan gaisuwar ta'aziyya ce da aka yi wa ado. Da Sale zai zaɓa, na san zai gwammace a ci gaba da sukarsa a kan a yabe shi don ya mutu. Wannan damuwa ta zauna mini shekaru, ba mai tsanani kamar ta farko ba, amma tana nan.

A kakar da ta wuce, shinkafa ta nuna ba a kai ga yanka ba, Kyari ya kira ni ya ce Auwalu yana so ya zo Gashua. Ashe ya koma kan wasan, ya kai ƙarshensa bayan doguwar fama, yanzu yana so ya ga wuraren da idonsa, ya kuma gaida Iya. Ni na yi nauyin baki. Iya ce ta ce ya zo.

Na zaci zan ga wani ƙato mai faɗin kai. Sai ga siririn mutum da tabarau, ya sha hanya, riƙe da ledar dabino da turmin atamfa. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarmar Iya. Ta bar shi ya gama gaisuwa da ta'aziyya tsaf, tana kallonsa, sannan ta ce, "Kai ne ka ce ɗana mugu ne?"

Ya ce, "Mama, ban ce mugu ba ne. Na ce ba ya tausayin masu bugawa. Amma wallahi da na san yana kwance a lokacin..."

Iya ta tare shi. "Da ka sani sai ka yi ƙarya?"

Ya cire tabaraunsa ya goge, har na fara jin tausayinsa. Can ya ce, "A'a, Mama. Da dai na sassauta harshe."

Ta ce, "To. Hauwa, kawo masa abinci."

Burabusko ne da miyar kifi. Ya ci da kunya da farko, daga baya ya manta da kunyar.

Washegari muka tafi Dagona, ni da shi da Kyari. Ɗan kawunmu Gambo, wanda ya gaji sana'ar kamun kifi, shi ya ɗauke mu a kwale-kwale. Auwalu bai taɓa shiga ruwa irin wannan ba, ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu, amma bakinsa bai rufe ba. Duk kwanar da muka sha sai ya ce ya san nan, a nan ya mutu sau ba adadi, can ne aka ɓoye laujen. Muna cikin wata siririyar hanya, ciyawa ta fi mu tsayi ta kowane gefe, sai garken jan-baki ya tashi gaba ɗaya daga cikinta da wata irin ƙara, sama ta yi duhu na ɗan lokaci, suka nufi gonakin shinkafa. Auwalu ya duƙe ya rufe kansa. Kyari, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce, "To ka gani! Haka suke. Sun yi maka sallama?"

Auwalu ya gyara tabarau ya ce, "Na gani, kuma ban canza ba. A gona gaskiya ce, a wasa zalunci ne. Dorina takan nuna kunne kafin ta taso, kada yakan motsa ruwa. Su kaɗai ne ba alama. Sale ya karya dokar da shi da kansa ya kafa."

"Da gangan ya karya ta!"

"Da gangan ɗin ma kuskure ne!"

Suka kaure, wannan na nuni da hannu wancan na miƙewa, har Gambo ya ce in ba su zauna ba zai sauke su a cikin ciyawar su ƙarasa a can. Ni kuwa ina zaune a tsakiyar jirgin dariya ta kama ni, na kasa tsayar da ita. Mutumin nan ya zo har garinmu, ya ci abincin uwar Sale, ya yi mata ta'aziyya da hawaye a ido, amma ko taku ɗaya bai ja da baya ba a kan abin da yake ganin kuskure ne. Yana faɗa da ƙanena kamar yana zaune a gabansa. In haka ne, yabon da ya yi wa sauran wasan ba na tausayi ba ne. A cikin kwale-kwalen nan damuwata ta biyu ta sauka.

Da ya koma Kano ya yi sabon bidiyo. Ya ce Kacala na cikin wasannin da suka fi zama masa a rai, ya janye maganar cewa mai shi ba ya son mutane, ya kuma maimaita cewa wurin jan-baki bai yi ba. Masu binsa suka rabu biyu. Har yau da nake rubutun nan, in ji Kyari, ba su gama ba.

Nakan tambayi kaina me Sale zai ce da zai leƙo yau. Ina jin zai yi murna da ganin faifan sola a kan rufin shaguna, domin ba abin da ya fi ɓata masa rai kamar wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki. Zai yi mamakin Kyari, wanda yanzu ke jagorantar wasu 'yan Nguru suna haɗa sabon wasa, har yana yi musu faɗa. Zai yi baƙin cikin ganin ciyawar nan tana nan inda ya bar ta, ta ma ƙara cin hanya, da kuma jin cewa ciwon da ya ɗauke shi bai daina ɗaukar mutanen garinmu ba. Tambayar da Iya ta yi wa baƙonta kuwa, na san da ƙasa za ta tsage da ya shige don kunya. Abin da ban sani ba shi ne me zai yi da maganar tsuntsayen. Wata rana nakan ce zai kafe har abada. Wata rana kuma nakan ce zai yi gardama iyakar ƙarfinsa, sannan ya koma ɗaki ya gyara a ɓoye ba tare da ya ce an yi galaba a kansa ba. Auwalu ya roƙi Kyari ya sa alama ko ƙarama ce. Kyari ya ce mai wurin ya ce a bar masa, kuma ba ya nan balle a sake tambayarsa.

Sale bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, bai gina ko ɗaki ɗaya ba. Maza sun ce kabarinsa ya baje cikin sauran, sai wanda ya sani. A ma'aunin da muka saba auna mutum da shi a garin nan, abin da ya bari kaɗan ne. Amma na ga ana buga aikinsa a wuraren da bai taɓa zuwa ba, ana jin haushinsa, ana ajiyewa, ana dawowa. Na kuma gane wani hali nasa da ban lura da shi ba yana raye, wato ya saurari wanda ya ɓata masa rai, ya tsince gaskiyar da ke cikin maganarsa ya yi aiki da ita, sauran kuma ya tsaya a kan ra'ayinsa ba tare da gaba ba. Mutane da yawa da suka ninka shi shekaru ba su kai nan ba, ni ma ina cikin masu koyo.

Yanzu Auwalu yakan kira Iya ranar Juma'a ya gaishe ta. Ta sa shi cikin waɗanda take yi wa addu'a, tana kiransa ɗan Kanon nan mai tsaurin baki. A Juma'ar da ta gabata ina kusa na ji yana ba ta haƙuri, wai wasu suna cewa bai kamata ya ci gaba da sukar aikin mamaci ba. Iya ta gyara riƙon wayar ta ce, "Ka ci gaba da faɗin gaskiyarka, ɗan nan. Amma in ka shigo Gashua ka rage murya, uwarsa tana da rai."

Allah ya yi wa Sale rahama, ya haskaka makwancinsa, ya ba waɗanda ke kwance da irin ciwonsa lafiya.